Ta ce in yi wa filinta kuɗi da kaina

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar riɗi ne a Gadarif, ƙasar Sudan. Tun da fam ya fara zubewa na daina ajiye kuɗi, abin da ya taru sai in zuba shi a fili. Akwai wata baiwar Allah da yaƙi ya koro daga unguwar Hajj Yusuf ta Khartum, tana zaune da 'ya'yanta a unguwarmu. Mijinta ya rasu, kuma mun daɗe muna hulɗar kasuwa da shi. Ya bar fuloti ɗaya a can wanda ba a gina ba. Tana son sayarwa ta kai babban ɗanta asibiti a Masar. Kafin yaƙi irin wannan fulotin yana kai dala dubu 20. Dillali ya ce mata yanzu ko kyauta ba mai karɓar fili a Khartum, ni kuma ya ce in taya dubu 6, za ta sallama. Sai dai wani abokina da ya koma can ya gaya mini mutane suna dawowa, har an sayar da wani a layin dubu 12 watan jiya. Da na je wurinta sai ta ce, "Alhaji, kai ka san kasuwa, abin da ka ga ya dace shi za ka ba ni." Sannan mijin ƙanwata da ke Jidda ya turo mini kuɗi in nema masa fili. Ina tunanin in saya a 6 in ce masa 10, ai duk da haka ya ci arha. Ban tilasta wa kowa ba, kuma Khartum ɗin ma ba wanda ya san gobenta. Da laifi?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ji ƙan abokinka, ya ba yaron lafiya.

Inda kake da gaskiya kana da ita, kuma ba kaɗan ba. Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. A cikin Bukhari an kawo cewa Zubairu ɗan Awwam ya sayi gonar Gaba da ke wajen Madina a kan dubu 170, bayan rasuwarsa ɗansa Abdullahi ya sayar da ita miliyan 1 da dubu 600, kuma cikin masu sayen har da sahabbai, ba wanda ya ɗaga gira. Da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, ya ƙi. Saboda haka duk wanda ya ce maka sayen fili da arha a ajiye shi ya yi tsada haramun ne a karan kansa, ya faɗi son ransa.

Haka nan dubu 20 ɗin nan ta tafi da zamaninta. Filin Hajj Yusuf na kafin 15 ga Afrilun 2023 daban, na yau daban, ko da ƙasar ba ta motsa ba. Sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025, amma ruwa da wuta da makaranta ba su dawo rana ɗaya ba. Wanda ya saya yau zai iya neman mai saye gobe ya rasa, zai iya zuwa ya tarar wani ya kafa rumfa a ciki, zai iya samun takardun da tangarɗa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma haƙƙinsa ne a rage masa kuɗi gwargwadon kasadar da ya ɗauka. Ba wanda ya wajabta maka biyan kuɗin da, ba ma wanda ya wajabta maka saye.

To amma wasiƙarka ta karya kanta a wuri ɗaya, a maganar da matar nan ta yi maka. Kafin ta buɗe baki, kai mai saye ne ita mai sayarwa, kowa na jan nasa, ka taya ta ce albarka har ku haɗu a tsakiya. Da ta ce abin da ka ga ya dace shi za ka ba ta, ta ajiye ciniki ta miƙa maka amana. Ba tayi take jira ba, hukunci take jira daga bakin mutumin da ta san mijinta ya yarda da shi. Malaman mazhabar Malikiyya da muke kai a nan sun bambanta waɗannan biyun sarai. Wanda ya shiga ciniki da idonsa a buɗe aka fi shi wayo, galibinsu sun ce ba shi da ta cewa. Amma wanda ya sallama wa abokin cinikinsa, ya ce sayar mini ko saya daga gare ni yadda mutane ke yi domin ban san kasuwa ba, shi kuma ya faɗi abin da ba shi ne ba, wannan an cuce shi, kuma yana da damar warware cinikin. Ibn Asim a cikin Tuhfa ya kawo sharuɗɗan mai ƙarar an danne shi a farashi: ya zama bai san kasuwar ba, dannewar ta kai sulusi ko fiye, kuma shekara ba ta wuce ba. Kai da bakinka ka ce 12 aka sayar a layin, kana shirin ba da 6. Rabi ke nan. Ko da alƙali bai taɓa jin labarin ba, lissafin ya riga ya nuna inda aka tsaya.

Ga kuma dillali. Ya gaya mata ko kyauta ba mai karɓa, kai kuma ka san ƙarya ce. Za ka ce ba kai ka faɗa ba. Gaskiya ne, amma kai za ka ci moriyar, kuma shirunka ne ya sa ƙaryar ta tsaya da ƙafarta. Hikimar da ta sa aka hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu tun ba su iso kasuwa sun ji farashi ba, ita ce a nan. Matar nan tana Gadarif, kasuwar filinta tana Sharg an-Nil, yankin da Hajj Yusuf take, tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita da shingaye. Abin da ta sani game da layinsu shi ne abin da ta baro ranar da suka gudu, da abin da dillali ya ƙara mata. Ku biyu kun tsaya mata a hanya.

Ba ina cewa 12 ce farashin ba. Ciniki ɗaya ba ya yin kasuwa, balle wanda aka ji a bakin aboki. Wataƙila wancan yana kan kwana ne, abin da ake kira nasiya, ko yana fuskantar babban titi, ko ya fi wannan faɗi, ko mai sayen maƙwabci ne da ke son ya haɗe da gidansa ya biya fiye da kima. Filin daraja ta ɗaya daban da na daraja ta uku, mallaka ta har abada daban da hikir, wato hayar da gwamnati ta bayar ta wasu shekaru. Aikin da ke gabanka shi ne ka sa abokin nan naka ya zaga wurin dillalai biyu ko uku na unguwar, waɗanda ba su san juna da naka dillalin ba, ya tambayi abin da aka sayar aka karɓi kuɗi a watannin nan. Abin da masu fili ke nema ba shi ne ma'auni ba, domin kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama ya zauna a kai shekara. Idan ya tattaro uku ko huɗu za ka ga tsakanin nawa da nawa abin yake yawo. Daga nan ka cire abin da ya dace saboda kai kuɗi a hannu za ka biya, cikin mako, ba jeka-ka-dawo. Wannan ragin halal ne, duk ɗan kasuwa ya san kuɗin yau ya fi na baɗi, balle a ƙasar da dala ta tashi daga wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a cikin 2024.

Sai ka koma wurinta, ba kai kaɗai ba, da wani namiji daga danginta ko na mijinta, ka faɗa mata yadda ka ji. "Hajiya, na bincika. Ana sayarwa tsakanin kaza da kaza. Ni abin da zan iya biya yanzu kaza ne, saboda kaza da kaza. In kina so ki ba da cigiya kwana goma, in an samu wanda ya fi ni, ki sayar masa, ba komai tsakaninmu." Idan bayan wannan ta ce ta sallama maka a 9 ko 10 domin tana sauri, ka saya da zuciya ɗaya. Ragin da mutum ya yi da saninsa don biyan buƙatarsa ciniki ne. Malamai ba su hana saye daga mai buƙata ba, domin in kowa ya guje shi wahalarsa ce za ta ƙaru. Abin da suka ƙi shi ne a mayar da buƙatar tasa abin matsa shi.

Na san abin da zai zo maka a rai: in na gaya mata gaskiya ai na yi wa kaina asarar dala dubu uku ko huɗu. Ba asara ba ce, domin ba su taɓa zama naka ba. An ruwaito cewa yaron Jariru ɗan Abdullahi ya yi masa cinikin doki a dirhami 300, da aka kawo mai dokin a biya shi sai Jariru ya ce dokinka ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har 800. Da aka tambaye shi sai ya ce ya yi wa Manzon Allah mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ban ce ka zama Jariru ba, wannan matsayi ne na masu kyautatawa. Kai dai an tambaye ka kai tsaye, kuma wanda aka nemi shawararsa amintacce ne.

Yanzu ga abin da ya fi farashin tayar mini da hankali, wanda ko sau ɗaya ba ka ambata ba. Filin na waye? Ka ce mijinta ne ya bari, kuma akwai 'ya'ya. To rabonta tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, in ma ita kaɗai ce matar. Sauran na 'ya'yan ne, da iyayen mamacin in suna raye, bayan an biya bashi da wasiyya. Ba ta da ikon sayar maka da fuloti sukutum don kawai takardar tana cikin jakarta. Manyan 'ya'yan sai sun yarda da bakinsu sun sa hannu. Ƙananan kuwa marayu ne, kuma uwa ba ta zama mai iko da dukiyar maraya kai tsaye sai in uban ya yi mata wasiyya ko alƙali ya naɗa ta. Dole a je kotu a fitar da i'ilam shar'i da ke lissafa magada da rabon kowa, a nemi izinin alƙali kan kason yaran. Kuma ka lura, alƙali ba zai yarda a sayar da kason maraya a rabin kuɗinsa ba. Kenan dubu 6 ɗin nan, ko ita ta yafe, akwai waɗanda ba su isa yafewa ba. Yaron da yau yake shekara tara, nan da shekara goma zai zo da gemunsa ya tambayi yadda aka yi filin ubansa ya koma hannun abokin ubansa.

In kuma dillali ya ce akwai taukil da marigayin ya taɓa rubuta wa wani, a sayar da shi a huta da zirga-zirgar kotu, ka guje shi. Wakilci yana mutuwa da mutuwar wanda ya ba da shi.

Sannan takardar kanta. Ka nemi shahadat bahas, wato takardar binciken mallakar fili, sabuwa daga ofishin rajistar filaye, wadda aka fitar domin sayarwa, ba tsohon kwafi da aka ɗauka a waya ba. Ita za ta nuna sunan wa ke kai, lambar fuloti da murabba'i, faɗinsa, da ko an jinginar da shi ko kotu ta sa masa takunkumi. Idan aka ce maka ai hiyaza ce, ba rajista, to ka san abin da kake saye. Tun dokar 1970 duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta zama ta gwamnati, dokar mu'amalolin farar hula ta 1984 ma ba ta sauya wannan tushen ba. Mai hiyaza yana da zama da amfani, amma ranar da masu tsara gari suka zo da taswira, titi na iya bi ta tsakiyar filin. Farashinta ya yi ƙasa da na mai rajista nesa ba kusa ba, kuma ranar da za ka sayar wajibi ne ka faɗa wa mai saye haka da baki, kada ka bar shi ya gano da kansa. Ofisoshin gwamnati a Khartum sun daɗe a rufe lokacin yaƙi, masu filaye da yawa sun watse wasu sun mutu, irin wannan yanayi kuwa shi 'yan damfara ke so, fili ɗaya a sayar wa mutum uku. A je a tsaya a kan filin, a auna, a gaisa da maƙwabta a tambaye su na waye. Hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai yana cikin Bukhari da Muslim, kuma yawancin masu faɗawa ciki ba da niyyar ƙwace suka fara ba, sakaci ne da son arha.

Akwai kuma abin da mu Hausawan ƙasar nan ba ma buƙatar a tuna mana. Tun zamanin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka a bakin Shuɗin Nilu muke nan, amma rikicin da ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a Damazin da Rusairis a 2022 ya nuna yadda maganar ƙasa ke saurin zama wuta. Bahaushe mai kuɗi da aka ce yana bin 'yan gudun hijira yana saye filayensu a rabin kuɗi, ba sunansa kaɗai zai ɓata ba.

Mu zo kan mijin ƙanwarka. Wannan ba ta da kwana-kwana. Ya turo kuɗinsa ya ce ka nema masa, kenan kai wakilinsa ne. Duk abin da wakili ya saya da kuɗin wanda ya aike shi, na mai kuɗin ne a farashin da aka saya, har da ragin da aka samu. Manzon Allah ya ba Urwatu al-Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinarin gaba ɗaya. Bai ce ai an aike ni akuya ɗaya ga ta, dinarin wayona ne ba. Ka saya a 6 ka ce 10, ƙarya ce a baki, dubu huɗun kuma cin amana ne, kuma cewa ya ci arha ba ta wanke ko ɗaya. Mutumin nan ya bar gida yana aiki a Jidda, yana tara riyal da kyar, ya zaɓe ka ne don kada a yi masa irin wannan.

In kana son ka samu wani abu, hanya a buɗe take. Ka kira shi ka ce wahalar nan tana cin lokaci da kuɗin mota, za ka ɗauki la'ada kaza, ku yi magana tun kafin a saya. Ko kuma ka sayi filin da kuɗinka, ya zama naka da ribarsa da hasararsa, daga baya ka ce masa, "Ina da fili nawa na kaina a Hajj Yusuf, ina sayarwa kaza, in kana so, in ba ka so in nema maka wani." A nan ba dole ka faɗi nawa ka saya ba, amma dole ya san kai ne mai shi, domin wakili ba ya sayar wa wanda ya wakilta shi kayansa a ɓoye. In kuwa ya tambayi nawa ka saya ka zaɓi ka amsa, to sai gaskiya. Ka kuma tuna matar nan da ƙanwarka duk mata ne a gari ɗaya, biki ɗaya ko gidan makoki ɗaya ya isa lambobin biyu su haɗu.

Dillalin kuma ka tambaye shi a gaban shaidu nawa yake karɓa kuma daga wurin wa. Mutumin da ya karya farashi a kunnen mai sayarwa ba don Allah ya yi maka ba, akwai abin da yake hange, wataƙila daga ɓangarorin biyu. Wanda ya yi mata ƙarya saboda kai, zai yi maka saboda wani. Ni da zan ba ka shawara, ka biya shi ladan haɗa ku ka sallame shi, sauran aikin lauya mai tabbatar da takardu ya yi.

Wajen rubuta yarjejeniya a rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, a faɗi da wane kuɗi ne. Ka san yadda muke magana a kasuwa, mutum ya ce miliyar, wato biliyan, alhali miliyan yake nufi a kuɗin yanzu, saboda tsohon lissafi bai bar bakin mutane ba. In da dala kuka yi ciniki za ka biya da fam, to da canjin ranar biya, kuma a biya a zaman. Kada ka riƙe mata rabi wata uku fam yana narkewa a hannunka sannan ka ba ta adadin da kuka ambata a farko. In ta manhajar banki ta Bankak za ka tura, a tura asusun da aka rubuta a takarda, kowane magaji ya san an tura.

Duk wannan zai ɗauki makonni, ciwon yaron kuma ba zai jira kotu ba. In kana da hali, ka ranta mata abin da zai kai su Masar a fara magani, a rubuta, da shaidu biyu. Sai dai kada ka ɗaura rancen a kan sharaɗin sai ta sayar maka, domin an hana haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya, kuma dalilin hanin shi ne irin halin da take ciki: wanda ake bi bashi ba ya iya cewa albarka. Ka gaya mata a fili cewa ko wa ta sayar wa, a cire kuɗinka daga ciki a ba ka. In an gama takardu kai ne ka saya, sai a lissafa rancen cikin kuɗin filin.